Labarin Zuciya a Tambayi Fuska: Tarken Wasu Hotuna Huɗu na Baƙi-da-Fari

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana kan ce, labarin zuciya a tambayi fuska. Wannan karin magana ya ɗauka cewa fuska ba ta iya riƙe sirri: in zuciya ta yi fari sai fuska ta washe, in kuwa ta ɓaci sai fuska ta murtuke. A kan irin wannan zato ne aka gina sana'ar ɗaukar hoton mutum, musamman hoton baƙi-da-fari, wanda jama'a da dama ke ganin ya fi mai kala iya fito da abin da ke ƙunshe a zuci. Sai dai duk wanda ya taɓa tsayawa gaban kyamara ya san cewa fuskar da yake miƙa wa mai hoto ta bambanta da wadda yake kwana da ita. Yakan gyara zaman hula, ya daidaita wuyan riga, ya haɗiye murmushi ko ya ƙirƙiro shi. Ke nan fuska ma tana da nata tufafin, kamar yadda jiki ke da nasa.

Manufar wannan maƙala ita ce yin tarken wasu fitattun hotuna huɗu, domin gano hanyar da kowane mai hoto ya bi har ya kai ga raunin wanda ya ɗauka. Abin da muke nufi da rauni a nan shi ne wannan sashe na ɗan Adam da ba shi da garkuwa, wato tsoro da gajiya da kaɗaici da burin da bai cika ba, abubuwan da kowa ke ƙoƙarin rufewa a gaban baƙo. Hotunan su ne: na Dorothea Lange, wadda ta ɗauki wata uwa 'yar ci-rani a Amurka a 1936, da na Yousuf Karsh, wanda ya ɗauki Winston Churchill a Kanada a 1941, da na Richard Avedon, wanda ya ɗauki Marilyn Monroe a 1957, sai kuma na Seydou Keïta, wanda ya ɗauki wani saurayi riƙe da fure a Bamako wajen ƙarshen shekarun 1950.

Za mu auna kowane hoto da ma'aunai biyu. Na farko, abin da ido ke gani: haske da inuwa da zubin jiki. Na biyu, yadda aka samo wannan abin da ido ke gani: ƙwace aka yi, ko wayo, ko haƙuri, ko kuwa mai fuskar ne ya bayar da kansa? A nan za mu aro wasu kalmomi biyu da Bahaushe ya san nauyinsu, wato rufin asiri da tonon asiri.

2.0 Abin da Baƙi-da-Fari ke Yi wa Fuska

Duk hotunan da za mu duba an ɗauke su ne a kan fim, wanda akan shafe da wani sinadari na azurfa. Duk inda haske ya taɓa wannan sinadari yakan yi duhu idan an wanke fim ɗin, gwargwadon yawan hasken. Daga nan ake buga hoton a takarda, duhu ya koma haske, haske ya koma duhu. Ko da yake ana ce masa baƙi-da-fari, akwai matakai masu yawa na ruwan toka tsakanin baƙin da farin, kuma a cikin sarrafa waɗannan matakai ne gwanintar mai hoto ke bayyana.

Ido makwaɗaicin launi ne. Idan mace ta ɗaura jan kallabi, kallabin zai fara jan ido kafin fuskarta. Da zarar an kawar da launi, ido ya rasa wannan abin shagala, sai ya koma kan tattarewar goshi da ƙyallin ƙwayar ido da jijiyoyin bayan hannu da yadda leɓe ya zauna. Haske kuma shi ke raba wa kowane sashe matsayinsa. Hasken da ya zo ta gefe yakan tono kowane layi na fata, wanda ya zo ta gaba kuwa yakan shafe su.

Amma akwai wata gaskiya ta tarihi da bai kamata mu tsallake ta ba. Yawancin masu hoto na wancan zamani ba zaɓar baƙi-da-fari suka yi ba, shi ne abin da ke hannu. An fito da fim mai kala na Kodachrome a 1935, sai dai tsadarsa da wuyar wankinsa sun sa jaridu suka ci gaba da buga hotuna marasa kala har tsawon shekaru da yawa. Ta haka al'ummomi suka ga yaƙe-yaƙe da yunwa da jana'izar manya cikin baƙi-da-fari, har ido ya saba da ɗaukar rashin kala a matsayin alamar gaskiya da nauyi. A yau kowa na iya cire launin hoto a wayarsa da taɓi guda, kuma sakamakon ya nuna cewa hoton da ba shi da rai, cire masa launi ba ya hura masa rai. Ke nan dole mu nemi asalin ƙarfin waɗannan hotuna a wani wuri dabam, wato a cikin abin da ya wakana tsakanin mai kyamara da wanda ke gabanta.

3.0 Uwa 'Yar Ci-rani: Raunin da Aka Ɗauka Ba a Tambayi Suna Ba

Tattalin arzikin Amurka ya karye a 1929, sannan fari da guguwar ƙura suka far wa gonakin tsakiyar ƙasar a shekarun 1930. Dubban iyalai suka nufi Kalifoniya neman aikin ƙwadago a gonaki. Gwamnati ta ɗauki masu hoto aiki domin su nuna halin da ake ciki, kuma Dorothea Lange na cikinsu. A watan Maris na 1936 ta tsaya a wani sansanin 'yan ci-rani a Nipomo, inda tsananin sanyi ya lalata wani nau'in wake da suka zo tsinka, aka bar su ba aiki ba abinci. A nan ta tarar da wata mata mai shekara 32 zaune da 'ya'yanta a ƙarƙashin wata rumfar tamfol. Cikin kimanin minti goma ta ɗauke su hotuna 'yan kaɗan, tana matsowa kusa a hankali, ta shiga mota ta tafi.

Ta fuskar zubi, da wuya a sami abin kushewa a hoton da ya yi fice daga cikinsu. Matar na tsakiya, goshinta a tattare, idanunta sun wuce kyamara suna kallon wani abu mai nisa. Yatsun hannunta na dama na taɓa gefen haɓarta, irin tagumin wanda lissafi ya ƙi fitar masa. Yara biyu sun jingina da kafaɗunta, sun juya wa kyamara ƙeya, jariri kuma na barci a cinyarta. Juyawar yaran nan ita ce jigon hoton. Da sun kalle mu, da idonmu ya rarrabu tsakanin fuskoki. Da suka ɓoye nasu, sai dukkan nauyin gidan ya taru a fuska guda. Rashin kala ya sa hannun rigarta da ya zare da gashin yaran da bai ga mataji ba da fatar fuskarta suka zama kamar saƙa ɗaya.

Hoton ya yi aiki nan take. Wata jaridar San Francisco ta buga hotunan sansanin, gwamnati ta aika da abinci kimanin tan 9. Sai dai kafin abincin ya iso, matar da iyalinta sun riga sun ƙara gaba. Hasali ma ba mazauna sansanin ba ne. Motarsu ce ta lalace a hanya, mazan suka shiga gari gyara. Lange ba ta tambayi sunanta ba. Bayanin da ta rubuta cewa iyalin sun sayar da tayoyin motarsu don su sayi abinci, 'ya'yan matar sun musanta shi daga baya. Bayan 'yan shekaru kuma Lange ta sa aka dusashe wani babban yatsa da ya bayyana a kusurwar hoton ta ƙasa, riƙe da sandar rumfar, don kada ya ɓata tsari.

Sai a 1978 ne wani ɗan jarida ya gano matar. Sunanta Florence Owens Thompson, kuma 'yar ƙabilar Cherokee ce, ɗaya daga cikin ƙabilun asali na ƙasar. Fiye da shekara 40 duniya na kallon fuskarta a matsayin fuskar talaucin Amurka, alhali ba a san sunanta ko asalinta ba. Ta bayyana ɓacin ranta cewa ba ta amfana da komi ba daga hoton. Mai karatu na iya cewa wannan shi ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Adalci dai ya sa mu ambata cewa hoton mallakar gwamnati ne, don haka Lange ma ba ta karɓi kuɗin sayar da shi ba. Abin da ta samu shi ne suna. Haka kuma lokacin da Thompson ta kwanta ciwon ajali a 1983, jama'ar da suka san hoton sun aiko da gudummawar dubban daloli domin jinyarta.

Hukuncinmu shi ne, wannan hoto ya fi sauran ukun ƙarfin girgiza zuciya, ya kuma yi wa talakawa da yawa amfani. Amma an gina wannan amfani a kan tonon asirin mace guda, wadda ba ta da hâlin da za ta ce a'a, ba ta kuma da bakin da za ta gyara labarin da aka rataya mata.

4.0 Churchill: Fushin da Aka Tsokano

Yousuf Karsh ɗan asalin Armeniya ne da aka haifa a 1908, ya yi hijira zuwa Kanada yana matashi. Ranar 30 ga Disamba, 1941, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Firayim Ministan Ingila Winston Churchill ya yi jawabi ga majalisar dokokin Kanada a Ottawa. Da ya fito sai ya tarar an kafa fitilu da kyamara ana jiransa. Ya tsaya ba da son ransa ba, da ƙatuwar tabarsa a baki, ya ƙi ajiye ta. Karsh ya matso, ya zare tabar daga bakinsa, ya koma ya danna kyamara.

Abin da ya fito shi ne hoton da aka yi wa laƙabi da zaki mai ruri: hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya a kan kujera, haɓa a turɓune, ido na huda mai kallo. Karsh gwanin fitila ne. Ya bar baƙar kwat ɗin ta nutse cikin duhun bango, ya zuba haske a fuska da farar riga da hannu, ta yadda mutumin ya yi kama da dutsen da aka sassaƙa. Duniya ta karanta wannan fuska a matsayin taurin kan Ingila a gaban Hitler, kuma ita ce aka ɗora a takardar kuɗin Ingila ta fam 5 da aka fitar a 2016.

A nan ne karin maganarmu ya fara tangaɗi. Fushin gaskiya ne, amma fushin dattijo ne da aka ƙwace wa taba. Mu masu kallo ne muka ba shi fassarar yaƙi. Daɗin daɗawa, likitan Churchill ya rubuta daga baya cewa 'yan kwanaki kafin wannan rana, a Washington, mutumin ya yi fama da ciwon ƙirji mai alamun ciwon zuciya, aka kuma ɓoye maganar. Wato ainihin raunin wannan dattijo mai shekara 67 yana nan a tsaye gaban kyamara, amma hoton bai hango shi ba. An tambayi fuska, ta ba da labari, sai dai ba labarin zuciyar ba ne. Wayon Karsh bai cutar da kowa ba, domin wanda aka tsokana ya fi mai tsokanar ƙarfi, har ma ya saki fuska ya ba da dama aka sake ɗaukar sa yana murmushi. Amma ta ma'aunin rauni, wannan hoto sulke ya ƙara wa mai shi.

5.0 Marilyn Monroe: Raunin da Aka Jira

Ranar 6 ga Mayu, 1957, Marilyn Monroe ta je situdiyon Richard Avedon a New York. A lokacin da wuya a sami fuskar mace da aka fi ɗauka hoto a duniya kamar tata, kuma ta san sana'ar tsayuwa gaban kyamara ciki da waje. Kamar yadda Avedon ya ba da labari, ta shafe sa'o'i tana rawa tana waƙa tana fara'a, wato tana taka rawar da duniya ta san ta da ita. Da dare ya yi, gajiya ta kama ta, sai ta koma gefe ta zauna shiru kamar ƙaramar yarinya. Ya matso da kyamara, ya lura ta gan shi kuma ba ta hana ba, sannan ya ɗauka.

Ƙarfin hoton yana cikin saɓanin da ke tsakanin tufa da mai tufa. Rigar mai ƙyalƙyali na nan tana walƙiya, gashin na nan a gyare, kwalliyar fuska ba ta goge ba. Amma kafaɗu sun zube, hannaye sun sauka, idanu sun karkata gefe suna kallon ƙasa, leɓe a ɗan buɗe kamar wadda ta manta abin da za ta ce. Bango fili ne, babu abin da zai ɗauke hankali. Da hoton mai kala ne, da jan baki da ruwan zinaren gashi sun ci gaba da yi mata talla. Rashin kala ya kashe muryarsu, ya bar gajiyar ita kaɗai.

Avedon bai ƙwace ba, bai yi tsokana ba. Haƙuri ya yi har abin rufar ya zame da kansa. Wannan ya fi hanyar Karsh zurfi, ya kuma fi ta Lange kusa da yarda, tun da matar ƙwararriya ce da ta san abin da kyamara ke iya yi. Duk da haka akwai tambayoyi biyu. Ta farko, shirun wanda ya gaji yarda ce? Ta biyu, mu da muka san ta rasu a 1962 tana da shekara 36, ba mu ɗora wa hoton baƙin cikin da ya zo daga baya ba kuwa? Mai yiwuwa abin da ke fuskarta a wannan dare bai wuce gajiyar ma'aikaciyar da ta tashi daga aiki ba. Wajibi ne mai tarke ya rarrabe tsakanin abin da hoto ya nuna da abin da tarihi ya raɗa masa a kunne.

6.0 Saurayi Mai Fure: Raunin da Aka Bayar

An haifi Seydou Keïta a Bamako wajen 1921, lokacin da ƙasar Mali ke ƙarƙashin mulkin Faransa. Ya fara koyon sana'ar kafinta wurin mahaifinsa, sai a 1935 wani kawunsa ya kawo masa ƙaramar kyamarar Kodak daga Senegal. A 1948 ya buɗe wurin ɗaukar hoto a unguwar Bamako-Coura, ba nisa da tashar jirgin ƙasa, abin da ya sa matafiya suka shiga sahun masu zuwa wurinsa. Ya fi son aiki da hasken rana a tsakar gida. Yakan rataya ƙyalle mai zane a bango, wanda na farkonsu zanen gadonsa ne, yakan kuma sauya shi bayan 'yan shekaru, har daga baya da waɗannan ƙyallaye yake gane shekarun hotunansa. Saboda tsadar fim, yawanci sau ɗaya yake danna kyamara ga kowane mutum. Ya kuma tanadi kayan ado na aro ga mai buƙata: kwat da laktaye da tabarau da agogo da alƙalami da rediyo da furen roba da babur, har da mota.

Bambancin Keïta da sauran ukun a fili yake. Wanda ke gaban kyamararsa shi ya kawo kansa, shi ya biya, shi kuma zai tafi da hoton gida ko ya aika wa dangi. Saboda haka aikin mai hoto shi ne ya fito da mutum yadda mutumin ke son a gan shi. A zahiri wannan ya yi kama da kishiyar neman rauni, domin duk abin da ke cikin hoton shiri ne. Amma mu dubi saurayin nan. Siriri ne, sanye da farar kwat da tabarau, alƙalami a aljihun ƙirji, ya ɗaga fure guda da yatsunsa a gaban ƙyalle mai zane-zane. Bai yi dariya ba. Yana kallon mu da natsuwar wanda ya san cewa dama ɗaya gare shi.

Bahaushe ya ce kayan aro ba ya rufe katara. A hotunan Keïta, wannan katara da ta leƙo ita ce wurin da zuciya take. Alƙalamin na cewa ina son a ɗauke ni mai ilimi. Kwat ɗin na cewa ina son a lissafa ni cikin mutanen sabon zamani, a daidai lokacin da ƙasarsa ke dab da samun 'yancin kai a 1960. Furen kuwa, da irin taka-tsantsan ɗin da aka riƙe shi, na cewa akwai wanda nake son ya gan ni. Mutum bai cika zama marar garkuwa ba kamar lokacin da ya bayyana abin da yake fatan zama, domin a nan ne ake iya yi masa dariya. Keïta bai yi masa dariya ba. Ya karkata shi yadda haske zai sauka a kumatu da goshi, ya fito da matakan duhun fatarsa dalla-dalla a tsakanin farar kwat da zanen bango, ya ba burinsa martabar da ake ba hoton sarki.

Wannan salo ba baƙo ba ne gare mu. Duk wanda ya buɗe tsohon kundin hotunan gidansu zai ga iyaye da kakanni sun zauna a miƙe, hannaye a kan gwiwa, fuska ba yabo ba fallasa. Baƙo zai ce babu motsin rai a ciki. Wanda ya san kunya da kamun kai kuwa zai karanta su a cikin runtsewar idon amarya, da yadda uba ya ɗan nisanta da ɗan farinsa, da yadda hannun kaka ya damƙe kafaɗar jika. A irin wannan al'ada, rauni na tafiya ne lulluɓe da mayafi, kuma gwanin mai hoto shi ne wanda ya nuna siffarsa ba tare da yaye mayafin ba.

Sai dai labarin Keïta ma bai tsira daga matsalar da muka gani a Nipomo ba. Ya koma aikin gwamnati a 1962, ya rufe wurin sana'arsa ba da jimawa ba, ya adana dubban fina-finan hotunansa. A 1991 aka nuna wasu hotunansa a wani baje koli a New York, aka rubuta cewa ba a san wanda ya ɗauke su ba. Wani Bafaranshe, André Magnin, ya bi sawu har Bamako, inda wani gwanin hoto, Malick Sidibé, ya gane aikin ya nuna masa mai shi. A 1994 aka yi wa Keïta baje koli na kansa a Faris, kuma kafin rasuwarsa a 2001 ya riga ya shahara a duniya. Hotunan da asali ba su wuce santimita 13 da 18 ba, sai aka faɗaɗa su ƙwarai, aka ƙara wa baƙinsu da farinsu kaifi, aka rataye su a manyan zaurukan Turai da Amurka, galibinsu ba tare da sunayen masu fuskokin ba. Mai hoton ya sami sunansa, amma saurayin da ya biya kuɗinsa don idon mutum ɗaya ko biyu ya zama abin kallon dubbai da bai san su ba. Amanar da aka riƙe a tsakar gida a Bamako, kasuwa ce ta buɗe ta.

7.0 Kammalawa

Idan muka jera hotunan huɗu za mu ga cewa baƙi-da-fari ya yi musu hidima iri ɗaya: ya kawar da shagalar launi, ya miƙa ido ga fata da hannu da kafaɗa. Abin da ya bambanta su shi ne matsayin wanda ke gaban kyamara. Thompson ba ta da ikon ƙi, sai aka ɗauki rauninta aka tafi da shi. Churchill ya fi mai hoto iko, sai hoton ya ƙara masa kwarjini ya ɓoye ciwonsa. Monroe ta san wasan, ta gaji, ta ƙyale. Saurayin Bamako kuwa shi ya yi hayar kyamarar, sai rauninsa ya fito ta ƙofar da shi ya buɗe.

A ganinmu, hoton Lange ya fi ƙarfi, amma na Keïta ya fi cika sharuɗɗan ma'aunanmu biyu, domin ya nuna zuciya tare da rufa wa mai ita asiri, aƙalla a ranar da aka ɗauke shi. Wannan ba hujja ba ce ta cewa kada a ɗauki hoton wahala. Da ba a ɗauka ba, da abinci bai isa Nipomo ba. Hujja ce ta cewa akwai haƙƙin da ke kan mai ɗauka: ya tambayi suna, ya ji labari daga bakin mai shi, ya faɗi inda hoton zai je. A yau da kusan kowane ɗalibi ke yawo da kyamara a aljihu, ana kuma yaɗa fuskokin mabarata da majinyata da 'yan gudun hijira a intanet bayan an cire musu launi don su ƙara ban tausayi, wannan haƙƙi ya hau kan mutane fiye da kowane zamani. Karin maganar da muka fara da shi na nan da gaskiyarsa, sai dai tarken nan ya nuna cewa yana buƙatar sharaɗi: kafin a tambayi fuska labarin zuciya, a fara yi wa mai fuskar sallama.